Alhaki a Kasuwar da Ba Ta da Iyaka

Dunƙulewar duniya ita ce yanayin da kaya da kuɗi da labari ke ƙetare iyakokin ƙasashe cikin sauri da arha, har shawarar da aka yanke a wani birni ta riƙa taɓa tukunyar mutanen da ba su taɓa jin sunan birnin ba. Masana tattalin arziki kan auna ta da yawan cinikin da ke tsakanin ƙasashe da jarin da ke kai-komo. Amma tana ɗauke da wata tambaya da sikeli ba ya aunawa, wadda malaman addini da masu falsafa suka daɗe suna juyawa: idan cuta ta sami mutum ta hanyar cinikin da hannaye da yawa suka shiga, a ƙasashe daban-daban, kuma babu wanda ya yi nufin cutar da shi, alhakin yana wuyan wa?

Yadda hannayen suka yawaita

Fatauci mai nisa tsohon abu ne. Ayarin Kano ya kai saƙi da jemammiyar fata har Gadamas da Tarabulus, ya ɗauko goro daga Gwanja. Sai dai a wancan tsari kowane hannu yana da suna. Akwai madugu, akwai fatoma, akwai dillali, kuma idan kaya suka salwanta an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko arhar sufuri. A 1956 wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan aikin lodi da sauke da kan ci kwanaki ya koma na sa'o'i. Na biyu rage kuɗin fito. Ƙasashe 23 suka sa hannu a yarjejeniyar GATT a 1947, aka kafa Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, Sin ta shiga a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 aka soke tsarin da ke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe matalauta za su iya shigarwa Turai da Amurka.

Sakamakon haka riga guda kan ratsa ƙasashe huɗu ko biyar kafin ta hau jikin mai ita. A noma audugar a Texas ko Burkina Faso, a kaɗa zaren a Indiya, a saƙa a rina a Sin, a ɗinka a Bangladesh, a sayar a Landan. Kamfanin da sunansa ke wuyan rigar sau da yawa ba shi da ko keken ɗinki ɗaya. Kwangila yake bayarwa, wanda ya karɓa kuma ya yanka wa wani.

Abin da ya faru a Savar

Ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga bango ya tsage a wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, a garin Savar kusa da Dhaka a Bangladesh. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe. A sama kuwa akwai masana'antun ɗinki biyar da ke yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki, kuma washegari aka umarci ma'aikatansu, yawancinsu mata, su koma bakin keke. Mafi ƙarancin albashi a lokacin taka 3,000 ne a wata, kimanin dala 38, saboda haka barazanar riƙe albashi ta isa ta mayar da mai tsoro cikin gini. Da safe wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretocin da aka ɗora a benayen sama, waɗanda wasunsu an ƙara su ne ba da izini ba. Ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka jikkata.

Idan aka bi sawun wannan musiba za a tarar da mai gini, da masu masana'anta, da jami'an da suka kau da kai, da gwamnatin da tufafi ke kawo mata kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da take fitarwa, da kamfanonin da ke matse farashi da wa'adin kai kaya, da mai saye da ke murnar samun riga da arha. Kowannensu yana da abin faɗa don wanke kansa, kuma amsoshin da ake bayarwa sun kasu huɗu.

Amsa ta farko: wanda ya aikata da hannunsa

Asalin ƙa'ida a Musulunci shi ne babu ran da ke ɗaukar nauyin zunubin wani, haka kuma littafin Ezekiyel ya koyar cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin uba. A kan wannan tushe malaman fiƙihu suka bambanta mai aikatawa kai tsaye da wanda ya zama sanadi. Misalin da suka saba kawowa shi ne na mutumin da ya haƙa rijiya a kan hanya. Idan wani ya faɗa da kansa, lamuni yana kan mai haƙa. Idan kuwa wani ne ya tura shi, hukunci ya koma kan mai turawa, domin aikinsa ya shiga tsakanin rijiyar da mutuwar.

Bisa wannan ma'auni alhakin Savar yana kan mai ginin, Sohel Rana, da waɗanda suka tilasta wa ma'aikata shiga. An kama shi kwana huɗu bayan ruftawar a kusa da iyakar Indiya, ko da yake shekara goma bayan haka ba a yanke hukunci a shari'ar kisan kan da ake yi masa ba. Wannan amsa tana da ƙarfi, domin tana hana a narkar da laifin mutum guda cikin taron jama'a har ya ɓace.

Amma fiƙihun bai tsaya a nan ba. Hadisin da ya la'anci giya ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Na riba kuma ya haɗa da marubuci da shaidu biyu. Malaman Malikiyya, bisa ƙa'idar toshe hanyar ɓarna, sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Wato shiga cikin jerin hannaye yana iya zama laifi, da sharaɗin sani. A nan ne matsalar zamani take: an tsara cinikin ta yadda sani ba ya haurawa sama. Wasu kamfanonin da aka tsinci tambarinsu a ɓaraguzan Rana Plaza sun ce ba su san ana ɗinka kayansu a can ba. Ko da maganar gaskiya ce, sai a tambaya: jahilcin da mutum ya zaɓa, kuma yake cin ribarsa, uzuri ne?

Akwai kuma hujjar yarda, cewa ma'aikacin da kansa ya karɓi albashin. Shari'a ta san cewa ba kowace yarda ce cikakkiya ba, shi ya sa aka hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Paparoma Paul na Shida ya yi irin wannan magana a wasiƙarsa ta 1967 kan ci gaban al'ummai, inda ya nuna cewa farashin da aka amince da shi tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi yana iya zama zalunci duk da amincewar.

Amsa ta biyu: hukumar ƙasa

Amsa ta biyu ta ɗora nauyin a kan gwamnati. Kowace al'umma tana da hukuma, kuma aikin hukuma ne duba gini da awo da haƙƙin ma'aikaci, kamar yadda mai hisba ke zaga kasuwa a biranen Musulmi na da. Masanin falsafa John Rawls, a littafinsa na 1999 kan dokar al'ummai, ya tafi a kan cewa arzikin ƙasa da talaucinta sun fi danganta da siyasarta da cibiyoyinta na cikin gida, kuma abin da ke kan sauran ƙasashe shi ne taimaka wa wadda ta gaza har ta tsaya da ƙafarta.

Raunin wannan amsa shi ne dunƙulewar duniya ta rage ikon hukumar da ake ɗora wa nauyin. Jari yana tashi cikin dare, ma'aikaci kuwa yana nan inda yake. Gwamnatin da ta tsananta dokar ƙwadago ko ta ɗaga haraji tana tsoron kwangila ta koma Kambodiya ko Biyetnam. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya bayyana wannan a 2011 da cewa abubuwa uku ba sa haɗuwa gaba ɗaya: cikakkiyar buɗe kasuwa, da diyaucin ƙasa, da mulkin da jama'a ke da ta-cewa a cikinsa. Dole a rage ɗaya.

Sannan dokokin kasuwar ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka rubuta su, kuma masu ƙarfi sun fi riƙe alƙalamin. Auduga ta nuna haka. Yayin da ake matsa wa ƙasashen Afirka su janye tallafi daga manomansu, Amurka ta ci gaba da bai wa nata manoman auduga tallafin da ke karya farashi a duniya. A 2003 Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kukansu taron Ƙungiyar Cinikayya a Cancun. Brazil, wadda ke da ƙarfin shigar da ƙara, ta yi nasara a kan Amurka a 2005, rikicin kuma ya ƙare a 2014 da Amurka ta biya ta dala miliyan 300. Manomin Chadi bai ga ko sisi daga ciki ba. Irin wannan ne ya sa masanin falsafa Thomas Pogge ya ce ƙasashe masu arziki ba 'yan kallo ba ne da ake roƙon sadakarsu, masu hannu ne a tsarin da ke cutarwa, don haka abin da ke kansu na farko shi ne su daina cutarwa.

Duk da haka ba a wanke hukumar gida. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da suka faro da kamfanin KTL a 1957, da na Bompai da Sharaɗa a Kano, sun taɓa ciyar da dubban gidaje. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira ya tsadantar da kayan gyaran injuna, atamfar Sin mai arha ta cika Kantin Kwari, manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa har zuwa 2007. Amma rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwaurin da ke bi ta kan iyaka da sanin wasu jami'ai, duk ba daga Guangzhou ta ƙasar Sin aka aiko su ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Amsa ta uku: kowa da kowa

Amsa ta uku ta faɗaɗa nauyin ya hau kan duk mai iko. Tun ƙarni na 18 Adam Smith ya lura cewa Bature zai ji labarin girgizar ƙasa ta haɗiye Sin baki ɗaya ya yi barcinsa, amma ba zai runtsa ba idan ya san gobe za a yanke masa ɗan ƙaramin yatsa. A 1972, yana duban yunwa da gudun hijirar da suka auka wa Gabashin Bengal, wato Bangladesh ta yau, masanin falsafa Peter Singer ya ce wannan ɗabi'a ba hujja ba ce. Wanda ya ga yaro yana nutsewa a kududdufi dole ya shiga ya ciro shi ko da tufafinsa za su ɓaci, kuma nisan wuri ba ya sauke wannan wajibi.

Addinai ma sun ƙi a taƙaita maƙwabtaka ga dangi. Musulunci ya bai wa maƙwabcin da ba Musulmi ba haƙƙinsa, ya kuma tsananta a kan wanda ya kwana a ƙoshe yana sane da yunwar na kusa da shi. A Linjilar Luka, da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, sai ya ba da labarin Basamariyen da ya taimaki baƙon da mutanensa suka wuce suka bari. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, Amr ɗan As ya aiko da abinci zuwa Madina. Amma addinin bai share fifikon na kusa ba: a mazhabar Malikiyya ana raba zakka ne a inda aka tara ta, sai idan wani wuri ya fi buƙata.

Matsalar wannan amsa ita ce nauyin da aka ce na kowa ne kan koma ba na kowa ba. Mai sayen riga a Landan ko Kano ba shi da hanyar sanin benen da aka ɗinka ta. Idan kuma ya ƙaurace wa kayan Bangladesh, wadda za ta fara rasa abinci ita ce mai ɗinkin. Wajibi ne a tuna cewa cinikin nan da ya kashe mutane a Savar shi ne ya bai wa miliyoyin matan karkara albashin farko a rayuwarsu. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna masu fama da matsanancin talauci sun ragu daga kimanin kashi 36 cikin 100 na mutanen duniya a 1990 zuwa kimanin kashi 10 a 2015, mafi yawan raguwar kuma a Asiya ta faru, inda aka fi shiga kasuwar duniya. Duk amsar da za ta rufe ƙofar ciniki gaba ɗaya ta cuci waɗanda take son karewa.

Amsa ta huɗu: nauyi ba tare da laifi ba

Amsa ta huɗu ta raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: laifi da nauyin gyara. Fiƙihu ya san wannan bambanci tun da daɗewa. Idan mutum ya yi kisa bisa kuskure, diyya ba a kansa shi kaɗai take ba, ana raba ta ne ga danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila. Ba su kashe kowa ba, ba su da zunubi, amma suna biya domin su ne masu taimakon juna da cin moriyar juna, kuma domin kada jinin mamaci ya tafi a banza. A zamanin Halifa Umar an mayar da wannan nauyi kan waɗanda sunayensu ke cikin rajistar albashi guda, abin da Hanafiyya suka riƙa a matsayin hujjar cewa aƙila tana bin wanda ake dogaro da shi a zahiri, ba jini kawai ba. Akwai kuma ƙa'idar cewa riba tana tafiya da lamuni, wadda Hausawa suka taƙaita da cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai farillar kifaya, aikin da ke kan al'umma baki ɗaya, wanda idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka bar shi duk mai iko ya yi laifi.

Masaniyar falsafa Iris Marion Young, wadda ta yi nazarin masana'antun ɗinki irin na Savar tun kafin ruftawar, ta kai ga kusan wannan matsaya ta wata hanyar. A ganinta, akwai zaluncin da ke fitowa daga tsari ko da kowa ya bi doka, kuma duk wanda ayyukansa ke raya tsarin yana da rabo a nauyin gyara shi. Rabon ba daidai yake ba. Ana auna shi da ikon da mutum ke da shi, da moriyar da yake ci, da yadda abin ya shafe shi, da damar da yake da ita ta haɗa kai da wasu. Kamfanin da ke iya sauya farashi da wa'adi da alƙalami ɗaya ya fi mai saye nauyi, mai saye mai wadata ya fi talaka, su kansu ma'aikatan suna da nasu rabon, wato haɗa ƙungiya, muddin hukuma ta bar su.

Fa'idar wannan amsa ita ce ba ta soke ta farko ba. Mai gini yana nan da laifinsa, jami'in da ya karɓi na goro yana nan da nasa. Abin da ta ƙara shi ne hana na nesa fakewa da cewa hannunsa bai taɓa kowa ba.

Daga ra'ayi zuwa hukuma

Farillar kifaya ba ta sauka sai an sami waɗanda za su tsaya da ita, kuma a nan ne ake gane amfanin cibiyoyi. A watan Mayun 2013 kamfanonin tufafi, waɗanda daga baya suka haura 200, suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago a wata yarjejeniya kan kariya daga gobara da ruftawar gini a Bangladesh. Bambancinta da alkawuran baya shi ne ana iya kai wanda ya saɓa gaban masu sasanci a tilasta masa, kuma injiniyoyi masu zaman kansu ne ke duba masana'antu suna bayyana abin da suka gani. An kuma kafa asusun diyya ƙarƙashin jagorancin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda sai a tsakiyar 2015 ya cika dala miliyan 30 da aka nema, domin zubin na ganin dama ne. Faransa a 2017, Jamus a 2021, da Tarayyar Turai a 2024 sun yi dokokin da ke wajabta wa manyan kamfanoni bin diddigin yadda ake samar da kayansu, wato an mayar da neman sani wajibi, rashinsa kuma sakaci.

Waɗannan matakai suna da iyaka. Sun fi kare ma'aikacin da ke ɗinka wa sanannen kamfani, wanda ke tsoron zubewar suna, fiye da mai haƙar ma'adinai a Kwango ko manomin auduga a Sahel. Yawancinsu a ƙasashe masu arziki aka rubuta su, kuma masu rubutawa na iya sassauta su idan kamfanoninsu suka koka. Ba su kuma ce komai ba game da ma'aikacin masaƙar da ya rasa aiki ba don an karya wata doka ba, sai don wani a wata nahiya ya fi shi arha. Irin wannan asarar tana komawa ne kan hukumar ƙasa, wadda ke da alhakin raba ribar ciniki ta hanyar haraji da ilimi da wutar lantarki, ta yadda wanda buɗe kasuwa ya kayar zai sami abin tashi.

Alhaki a kasuwar duniya ke nan hawa-hawa ne. Laifi yana kan wanda ya aikata da wanda ya sani ya yi shiru. Kariya tana kan hukumar ƙasa gwargwadon ikon da ya rage mata. Gyaran dokokin ciniki yana kan ƙasashen da suka fi ƙarfin rubuta su. Nauyin diyya da hana maimaituwa kuwa yana kan duk mai cin moriyar cinikin, kowa daidai ikonsa da ribarsa. Muhawarar da ta rage tsakanin masana ita ce ta wanda zai tilasta wannan rabo, tun da kasuwar ta zama ɗaya amma kotuna da majalisu suna nan a rarrabe ƙasa-ƙasa.